Makulli Mai Jan Zare

A bakin tafkin Titikaka, inda iska ke yankan kunne,
akwai wata majami'a ta tubalin laka,
rufin kwano, benci tara, ɗaya gurgu.
Can na sami Fasto Eleuterio Kutipa,
da takardar makaranta a aljihuna,
da sabon kwat, da baki cike da wa'azi.

Ya dubi kwat, bai dubi takarda ba.
Ya ce, "Hilarion, ka iya riƙon tsintsiya?"

Wata huɗu ina shara.
Na san ƙusar da ke kama gefen zanen mata,
na san inda kwano ke yoyo,
na san gurbin Saturnino kurma,
nan gaba, inda yake karanta leɓen mai magana.
Mumbari kuwa, tsakanina da shi
sai tsumman goge ƙura.

Ran nan ya ce in biyo shi.
Muka hau kwalekwalen da aka saƙa da ciyawar tafki,
muka haye gidan Nikasiya,
wadda ruwa ya cinye mata 'ya'ya biyu a dare ɗaya.
Na buɗe Littafi, aya na kan harshena,
ya dafa hannuna, ya rufe.
Muka zauna muna ɓarar wake da ita
har inuwar dutse ta shigo tsakar gida.
Ba wanda ya ce uffan.
A kan hanya, yana tuƙi, ya ce,
"Yau ka yi hudubarka ta fari."

Da Yuni ya kama, jaura ta sauko,
gari duka ya shanya dankali a fili.
Dare ya daskarar, rana ta narkar,
da asuba mu tattake shi, ba takalmi,
har ruwan cikinsa ya tsiyaye.
Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, baƙa, ta yamutse.
"Ɗanye ba ya daɗewa a rumbu.
Wannan da ya sha sanyi, ya sha diddige,
shekara goma yana nan,
kuma ran yunwa shi ake nema."
Ban tanka ba. Yatsuna sun mutu.

Sai wata Lahadi, an gama waƙa,
na ga tsohon a kan gurgun benci,
malafa bisa gwiwa, bai da niyyar tashi.
Ya nuna mini mumbari da haɓa.

Na hau.
Na zuba manyan kalmomin birni
kan tsofaffin da Aimara kaɗai suke ji.
Wata ta yi gyangyaɗi, jariri ya tsala kuka,
zaren magana ya tsinke a hannuna,
na tsaya kamar an dasa ni.
Nikasiya ce ta ɗaga murya da waƙa,
ta lulluɓe kunyata kamar da mayafi.

Da aka watse ina jiran faɗa.
Ya ce, "Kai ka faɗi a tsaye.
Ni a tawa ta fari, ta ƙofar baya na gudu."
Ya ciro makulli mai jan zaren ulu,
ya danƙa mini.
"Aro ne. Ka fara duban wanda za ka bai wa."

Yau ciyawa ta rufe kabarinsa a saman tudu,
ni ma furfura ta sauka.
Makon jiya wata yarinya ta zo, Rufina,
da tata takardar.
Na gyara murya zan yi tsohuwar tambaya,
ashe tsintsiya na hannunta tun daga ƙofa.
Ta ce, "Fasto, kwano na yoyo kan benci na huɗu.
Ba ka gani ba?"

Ban gani ba.
Na sa hannu a aljihu,
na ji makullin ya yi nauyi.